Gaji na Baruwa da Ajin Safe

Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar makarantar firamare ta unguwarmu, a gefen garin Diffa, daidai inda gidajen bulo ke ƙarewa bukkokin zana da leda su fara. Ina kan keke ina ganin mai shiga da mai fita. A nan na san Gaji, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa zama da mutum mai wuyar sha'ani irinsa ba.

Kanuri ne, mutumin Baruwa, can kusa da Boso. Dogo ne busasshe, idonsa kullum ja kamar wanda hayaƙi ya dama. Bai yi boko ba. Tun yana yaro noman tattasai ya sani a bakin kogin Komadugu. In ruwa ya cika ya shiga kwale-kwale ya kama kifi, in ya janye ya koma gona. Har ya kai ga sayen injin ban ruwa nasa na kansa, abin da yake yawan tuna wa mutane ko ba a tambaye shi ba. 'Yan garinsu sun ce ko a can ba shi da daɗin zama. Ya yi shekaru ba ya magana da wansa saboda iyakar gona, har wan ya rasu ba su shirya ba.

Shekarar da hare-hare suka tashi ƙauyukan bakin kogi, Gaji ya fito a ƙafa, shi da matarsa Kubra da 'yarsu tilo Haula, tana ƙarama a lokacin. Injin ya bari, gonar ma ya bari, tattasai ya fara ja. Sun yi zaman bakin titi, sun yi zaman wani sansani, daga ƙarshe suka kafa bukka a bayan makarantar nan. Ya shiga dako a kasuwar tattasai. Mutumin da a da yake zuwa kasuwar da buhunansa, yana tsaye ana taya masa, yanzu shi ke ɗaukar buhunan wasu a ka. Abin ya ci masa rai, kuma duk wanda ya matso kusa da shi sai ya ɗanɗana.

Kalma ɗaya ce ba ya son ji, wato refuje, sunan da ake kiran ɗan gudun hijira da Faransanci. In ka kira shi da ita, ko da suɓul da baka, ranar ba za ka yi ciniki ba.

"Ni ɗan ƙasa ne," haka yake cewa da Hausarsa mai nauyi, yana buga ƙirji. "Kakana a Baruwa aka binne shi. Refuje su ne waɗancan."

Waɗancan ɗin su ne mutanen hayin kogi, 'yan Najeriya da suka tsallako daga Malam Fatori da Damasak. Yarensu ɗaya da shi, abincinsu ɗaya, wasu ma dangin matarsa ne. Amma a wurin Gaji su suka haifi masifar, su suka goya ta, su suka tsallako da ita. Maƙwabcinsa na bukka ɗaya ne daga cikinsu, wani masunci mai suna Modu, mutum shiru-shiru wanda ya koma saƙar tabarma. Modu yana da 'ya, Farida, sa'ar Haula. Tare yaran suke zuwa famfo, tare suke shiga makaranta, benci ɗaya suke zama. Gaji yana gani, yana tsaki, amma bai samu abin da zai kama ba.

Makarantar kuwa, lokacin da na buɗe shagona ɗakuna shida ne, kowa ya san ɗan kowa. 'Ya'yan ma'aikata ne da na 'yan kasuwa, sai ɗaiɗaikun Fulani da Larabawa da ke zaune a unguwar. Bayan gudun hijira sai ta kumbura. Aka kakkafa rumfunan zana a fili har ba wurin ƙwallo. Aji ɗaya sai ka tarar da yara sun haura ɗari, rabi a benci rabi a ƙasa. Ga ɗan Tubawa, ga ɗan Buduma daga tsibiran tafki wanda bai taɓa riƙe alli ba, ga yarinyar da ta yi aji huɗu da Ingilishi a Najeriya an mayar da ita aji ɗaya saboda ba ta jin Faransanci. Malami ya yi bayani da Faransanci, ya maimaita da Hausa, wani yaro ya juya wa na kusa da shi da Kanuri. Kafin a gama gaisuwa da kiran suna rana ta yi sama.

Sakamako ya faɗi, ba mai musun wannan. Makarantar da ake yabo a da ta koma cikin na ƙarshe a garin. Yara suna kai aji biyar ba su iya karanta layi ɗaya ba tare da tuntuɓe ba. Sufeto ya zo ya yi faɗa ya tafi. Iyaye na cikin gari suka fara gunaguni, har aka kira taro.

Na je taron, don ɗana ma yana aji uku, ajin su Haula. Shugaban ƙungiyar iyaye shi ne Alhaji Dikko, mai shagon siminti da kwanon rufi a bakin babban titi. Ya miƙe da babbar rigarsa ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma gaskiya ɗaya ce. Kafin baƙi su zo 'ya'yanmu suna karatu, yanzu ba sa yi. Masu agaji suna kawo jaka da littafi su ba baƙi, namu suna kallo. Ya ce a raba, 'yan gari su yi karatu da safe, baƙi su zo da rana.

Direktan makarantar, Mushe Sa'adu, wato Malam Sa'adu da Faransanci, mutumin Damagaram ne, mai sanyin murya, ya kusa ritaya. Ya ce, "Alhaji, matsalar ba daga wane yaro ya fito ba ce. Malamai ne ba su isa ba, ga cunkoso. In kuka duba waɗanda ke kan gaba a kowane aji, akwai 'yan gari, akwai baƙin. Na baya ma haka suke a gauraye."

Bai rufe baki ba Gaji ya miƙe daga can baya. Ba wanda ya ba shi izini.

"Direkta, kai ma ka san ƙarya kake! Alhaji ya faɗi gaskiya. Waɗannan mutanen sun cinye mana gari, sun cinye mana gona, yanzu makaranta za su cinye. Yaron da bai san ko tutar ƙasar nan ba, me ya kawo shi benci ɗaya da 'yata?" Ya juya ya nuna Modu da yatsa, yana zaune a gefen tabarma. "Ga irinsu nan. Su koma can a koya musu Ingilishinsu, in sun bar makarantar da ba su ƙona ba."

Modu ya ɗago ya dube shi, ya ce a hankali, "Malam Gaji, wutar da ta kore ka ita ta kore ni." Ya tashi ya sa takalmansa ya fita. Mutanen hayin kogi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da suka fita, sai waɗanda suka rage suka ɗaga hannu, shawarar Alhaji Dikko ta wuce. Mushe Sa'adu ya cire gilashinsa ya goge.

Kwanakin da suka biyo baya Gaji yawo yake kamar wanda ya ci zaɓe. Ya zo shagona ya ba ni yadi in ɗinka wa Haula sabuwar riga ta zuwa ajin safe. "Tela, ka yi mata mai kyau. Yanzu da 'ya'yan mutane za ta zauna."

Ranar Litinin da aka fara sabon tsarin, na ga Haula ta shiga da sabuwar rigar. Ba a jima ba na ga ta fito, tana tafe tana goge ido. An ce mata ita ta rana ce. Wani ya je kasuwa ya gaya wa uban. Ya jefar da buhun da ke kansa ya taho, ƙurar tattasai duk a jikinsa, yana shigowa yaran bakin ƙofa suka fara atishawa. Na bar keke na bi shi, don na san za a yi abin kallo.

Alhaji Dikko yana ofishin direkta, ya zo ganin yadda aka fara. Gaji ko sallama bai yi ba.

"Wa ya kori 'yata?"

Mushe Sa'adu ya ce, "Ba a kore ta ba, Malam Gaji. Abin da taro ya yanke ne. Duk wanda ba a unguwar nan aka haife shi ba, da rana zai zo."

"Ni refuje ne?"

Alhaji Dikko ya yi murmushi, ya gyara hularsa. "Malam, ba wanda ya ce kai ɗan Najeriya ne. Amma baƙo baƙo ne. Ko daga Baruwa ko daga hayin kogi, a cikin leda ɗaya kuke kwana. Mu ba mu da lokacin tantance ku."

Na ga jijiyar wuyan Gaji ta tashi. Ya yi kan Alhajin, sai da ni da mai gadi muka riƙe shi. Zagin da ya yi ranar, rabi da Hausa rabi da Kanuri, ba zan maimaita ba. Ya ce wa Alhaji ɗan ci-rani wanda ubansa ya zo Diffa da sanda da ƙwarya. Ya ce wa direkta munafuki. Alhaji ya ce a kira 'yan sanda, Mushe Sa'adu ya hana.

Wani da ya sha wannan kunya sai ya je ya ba Modu haƙuri, su haɗa kai su nemi a soke tsarin. Gaji bai yi haka ba. Bai ce tsarin ba shi da kyau ba, cewa ya yi an sa 'yarsa a inda ba nata ba. Washegari ya riƙo hannun Haula da sassafe, ya shigar da ita ajin safe, ya ture wani yaro ya zaunar da ita a benci, ya fita ya tsaya a taga ya harɗe hannu. Madam ɗin ajin ta kasa karatu. Aka fitar da yarinyar, ya mayar da ita. Haka ya yi ta yi kullum, ya bar dako, gidansa ba a ɗora tukunya sai abin da Kubra ta samo daga wankau. Daga ƙarshe Mushe Sa'adu ya gaji, ya ce a bar ta.

Gaji ya ci nasara, Haula ce ta biya. Ita kaɗai ce 'yar bukkoki a ajin safe. Yaran gari suka sa mata suna 'yar leda. Ba mai zama kusa da ita, sun ce tana warin tattasai. Madam ɗin, da ba ta manta tsayuwar uban a taga ba, ta mayar da ita can baya, ko ta ɗaga hannu ba a kiranta. In ta koma gida kuma, yaran bukkoki ba sa wasa da ita, iyayensu sun hana. A famfo mata suna fitar da jarkar Kubra daga layi su ajiye gefe, ba mai ce mata uffan. Modu ya ja zana ya toshe ɗan ratar da ke tsakanin bukkarsa da ta Gaji. Ɗana ya gaya mini Haula, wadda a da take cikin goman farko, ta daina buɗe baki a aji gaba ɗaya.

Ajin rana kuwa abin tausayi ne. Lokacin zafi ya shigo, rana tana dukan zana kamar wuta, yara suna gyangyaɗi. Malaman da suka yi aikin safe sun gaji, wasu ba sa dawowa. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, wannan ya tafi neman itace, wannan talla. Kafin ƙarshen shekara ajin ya ragu sosai. Abin mamaki, waɗanda suka rage sai suka samu sarari, kowa ya samu benci, malamin da ke zuwa ya san sunan kowa. Farida 'yar Modu tana cikinsu, kuma Faransanci ya fara zama a bakinta.

Kompozisiyon farko bayan rabuwar, wato jarrabawar aji, Haula ta zo kusa da ƙarshe. Gaji ya zo shagona da takardar ya ce in karanta masa. Da na karanta sai ya fizge.

"Sun haɗa baki ne. Madam ɗin 'yar uwar matar Dikko ce, an gaya mini."

Na ce, "Gaji, yarinyar nan ba ta da daɗi a ajin nan. Ka dubi fuskarta mana."

"Tela, ka tsaya a kan ɗinkinka."

Kubra ce ta yi abin da ba wanda ya zata. Mace ce da ban taɓa jin muryarta ta wuce zana ba. Da Gaji ya koma dako, sai ta riƙa riƙe Haula a gida da safe, in azahar ta yi ta raka ta ajin rana da kanta, ta zaunar da ita kusa da Farida. Ta je ta samu Mushe Sa'adu, ya ce shi bai ga komai ba. Unguwa duk ta sani, ba wanda ya gaya wa Gaji, ba don son Kubra ba, sai don ba mai son yi masa magana.

Ranar da ya gane, ciwon baya ne ya dawo da shi gida da wuri. Ya hango Haula ta fito daga rumfa da la'asar, hannunta cikin na Farida, suna dariya. Ya tsaya a tsakiyar hanya, gab da shagona. Ya kira ta da wata irin murya, yarinyar ta daskare. Kafin ya kai gare ta Kubra ta fito daga lungu ta shiga tsakaninsu.

"Ni na kai ta," ta ce. "In duka ne, ga ni."

"Ke kin san abin da na sha kafin a ba ta bencin nan?"

"Na sani. Na kuma san abin da ita ta sha a kansa. Kai kana kasuwa, ni nake jin kukanta. Kai ka tashi a taro ka zagi mutanen da uwata ta fito cikinsu. Ka samu me? Ko gaisuwa Alhajin yana yi maka?"

Gaji ya ɗaga hannu. Mutane sun taru. Modu yana tsaye a ƙofar bukkarsa da tabarmar da yake saƙa, bai matso ba, bai kuma shiga ciki ba. Gaji ya dubi jama'a, ya sauke hannun, ya tofa yawu a ƙasa.

"Ku je. Ke da ita duk kun zama refuje."

Daga ranar bai ƙara taka harabar makarantar ba, bai kuma ƙara tambayar karatun Haula ba. A gida ma, in ji maƙwabta, sai dai a ajiye masa abinci ya ci ya fita.

Tsarin safe da rana bai wuce shekara guda ba. Sakamakon ajin safe bai tashi yadda Alhaji Dikko ya yi alkawari ba, don malaman su ne dai, littattafan ma ba su ƙaru ba. Alhajin bai tsaya jin ba'asi ba, ya kwashe 'ya'yansa ya kai su makarantar kuɗi, ya ajiye shugabancin. Mushe Sa'adu ya yi ritaya ya koma Damagaram. Sabon direktan da aka kawo ya sake haɗe azuzuwan tun makon farko. Amma yawancin yaran da suka bar ajin rana ba su dawo ba. Ina ganin wasunsu yau suna tura baro a tasha, ba sa iya rubuta sunansu. Haula ta maimaita aji uku. Farida ta wuce ta da shekara ɗaya.

Da gwamnati ta fara mayar da mutanen Baruwa gida, Gaji na cikin na farko da suka hau mota. Ya ce Kubra ta haɗa kaya. Ta ce ita ba inda za ta sai Haula ta gama firamare. Ya ce in ta zauna ta zauna da ƙafarta. Ta zauna. Bai sake ta ba, bai kuma ɗauke ta ba. Na ga tafiyarsa, yana zaune a saman kaya da fartanya da buta, bai waiwayi bukkar ba.

Ya koma nomansa. An ce gonar ta zama daji, shi kaɗai ya sassabe ta, kuma ya riga ya yi rigima da sabon maƙwabcin gonar a kan hanyar ruwa. Akwai lokacin da aka sake kai hari yankin, mutane suka watse, shi ya ƙi motsawa. Kubra tana nan, ta samu ɗaki a cikin gari tana sayar da ƙosai. Modu ya rasu bara bayan doguwar jinya. Gaji yana Diffa ranar, ya kawo tattasai, an gaya masa, bai je jana'iza ba.

Ganina na ƙarshe da shi a tashar motocin Boso ne, na je karɓar saƙo. Yana faɗa da yaron mota a kan an ɗora jarkar man wani bisa buhun garinsa. Sai ga Haula da kayan kolej, ta zama budurwa, ta kawo masa abinci a kwano daga wurin uwarta. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya karɓi kwanon ba tare da ya dube ta ba. Can sai ya ce, kamar da motar yake magana, "Ta nawa kika zo?"

"Ta tara, Baba."

"Wa ya zo na ɗaya?"

"Wata yarinya ce 'yar Tubawa, daga Gigimi suka dawo."

Ya yi tsaki. "Tubawa ma yanzu sun shiga gabanku."

Direba ya danna oda. Gaji ya cusa kwanon a ƙarƙashin kujera, ya hau, ya ci gaba da faɗansa da yaron motar ta taga. Haula ta tsaya har motar ta fita daga tasha, sannan ta gyara jakarta ta nufi makaranta.